Iya Kiyoe, Mai Karanta Ganyen Kashiwa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk lokacin ɗiban ganye, Iya Kiyoe Nukui take zama a ƙofar rumfar ƙungiyarmu tana tantance ganyen bishiyar da muke kira kashiwa, wanda ake naɗe moci, wato wainar shinkafa ta bikin yara, da shi. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaga su ga rana. Mai tabo gefe, mai kyau kwando. Bana gwiwa ta ce ya isa haka, ta ajiye aiki.

Mu dai tabo muke gani. Ita kuwa tsutsa take gani, wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kwance tsakanin fatun ganye biyu tana cin abincinta.

Shekarar da tabon ya yi yawa har ɗan kasuwa ya dawo mana da kaya, aka yi taro, aka ce cuta ce ta kama tudun da muke ɗiban ganye, a sare bishiyoyin duka. Bishiyoyin da kakanninmu suka shuka! Ni ma na ɗaga hannu, kuma har yau ina jin kunya.

Iya ta dire kwalba a gaban shugaban ƙungiya, Isao Hayasaka. A ciki ga wani ɗan faɗa-wuta mai ruwan zinariya da tsutsar cikin ganyen ta rikiɗe ta zama.

"Ga cutar taka, ranka ya daɗe. Ko za ka sa masa zarto?"

"Haba Iya, to me ya sa bana suka yi yawa?"

"Lalacinku! A busasshen ganye suke cin hunturu. Da, kwashewa muke yi mu kai gona. Tun da kuka samu takin buhu, wa ya ƙara taɓa manjagara?"

Da ganye ya zube, gari guda muka hau tudu da manjagara, har da shugaban, yana nishi tana masa tsiya. Ɗiban da ya biyo baya kwanduna suka cika.

Ke ce idon tudunmu, Iya. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne bishiya uku da kika hana a share gindinsu. Da muka tambaya kika ce, "Su kuma ƙwarin su kwana ina? Ai sun riga mu zuwa garin nan."

Mun gode, Iya Kiyoe. Masu tasowa, ku je ku koya a wurinta tun tana iya nuna muku. Har yanzu idonta garau yake, bakin ma haka.