Azariya Mai Kiran Mazari

A Kagoma, idan aka yi rasuwa a gida, mutum biyu ake nema: fasto ranar biso, Baba Azariya bayan shekara. Magini ne, gajere, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda buhunan siminti. Ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan yana gyaran gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, da aiki ya ja baya sai ya dawo gida ya kama aikin kaburbura. Mu nan a filin da ke bayan gidajenmu muke bisne namu, in shekara ta zagayo 'ya'ya su haɗa kai a sa wa kabarin tayil, a yi addu'a, a ci shinkafa. Baba Azariya yayan mahaifiyata ne, saboda haka abin da zan faɗa a kansa na gida ne, kuma ya san zan faɗa.

Wata shekara ya je kasuwar Kafanchan bai sami farin tayil ba, ya sayo baƙi mai sheƙi. Ranar addu'a, ana tsakiyar waƙa, sai ga mazari ja, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin rafi, ya zo yana tsoma wutsiya a kan kabarin. Wata tsohuwa ta tambaya mene ne wannan. Baba Azariya ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Gaisuwa ke nan. Marigayi ya isa lafiya, ba ya riƙe da kowa a zuciya." Daga baya ya gaya mini ya faɗi haka ne don mata su bar kuka a raba abinci, yunwa yake ji.

Maganar ta yi ƙafa. Kafin damina biyu ta kai Nok, ta dawo da ƙari: ja na maza ne, shuɗi na mata, in biyu suka zo tare to marigayi ya sadu da iyayensa. Kowa sai baƙin tayil, kuma sai na Azariya. Fastonmu ya yi wa'azi sau biyu a kan camfi, har da buga bagade. Na je kabarin mahaifiyar faston na gani da idona, baƙi ne wuluk.

Ni malamin bayoloji ne a sakandare, abin yana cina. Na sami kawuna yana kwaɓa siminti na yi masa bayani: ƙwaron sheƙin yake gani ya ɗauka ruwa ne, ƙwai yake ƙoƙarin sakawa, shi ke nan. Ya saurare ni har na gama.

"Ticha, wannan ne aka tura ka Zariya ka koyo? Ni na san shi tun sati na farko. Ka faɗa ma wani?"

"A'a, Kawu."

"Gud. Ci gaba da haka."

Wasan ya daina zama wasa a gidan Mama Clara. Mijinta Gershon manomin citta ne, sun yi shekara arba'in da ɗaya suna faɗa kamar masu karɓar albashi a kai. Ran da zai mutu ya bar ƙofar garke a buɗe, akuya ta cinye accar da Mama Clara ta shanya. Ta bi shi har bakin hanya tana cewa ya tafi, kada ta ƙara ganin fuskarsa. Da la'asar aka ɗauko shi daga gona, ya faɗi a tsakanin kunyoyi.

Da shekara ta cika, 'yarsu Patricia ta zo daga Abuja da ma'aikatanta da farin tayil mai kaushi, irin na zamani. Ba a ko gaishe da Baba Azariya ba. Ya ji haushi ƙwarai, kuma bakinsa ba ya ajiya. A wurin cin abinci ya ce, yadda kowa zai ji, "Kyau dai ya yi kyau. Sai mu ga ko za a zo gaisuwa."

Ba a zo ba. Damina ta yi nisa, mazari ya cika rafi, yana bi ta kan gidan Mama Clara ya wuce maƙwabta. Kullum da hantsi sai ta ɗauki kujera ta zauna gaban kabarin har rana ta karkata. Ta bar zuwa zumuntar mata, ita da take ba da waƙa. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Na je na gaya mata gaskiyar ƙwaron, da zane a takarda. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Na gode, ɗana. Amma ni na san abin da na faɗa ma mutumin nan."

Na koma wurin kawuna a fusace. Na ce shi ya ɗaura, shi zai kwance. Ya daɗe yana kankare cokalin gininsa da ba shi da datti.

Washegari ya ja ni muka je gaisuwa. Ya ce in tsare ta da hira a tsakar gida. Ina cikin tambayarta ciwon gwiwa na ji ƙas daga bayan ɗaki. Sai ga shi ya fito yana girgiza kai, guduma na leƙe daga aljihunsa.

"Maman Patricia, aikin 'yan Abuja ke nan. Tayil ya fashe a wajen kai, ruwa zai shiga ma Gershon. Bari in canja, amma farin ya ƙare a kasuwa."

Ya sa baƙi guda huɗu, ya goge su da tsumma har ina ganin haƙorana a ciki. Kwana uku muka yi muna zarya, ko ƙuda bai sauka ba. Baba Azariya ya fara zufa, ya ja ni gefe ya ce, "Ina karatun naka?" Na duba sama. Reshen mangwaro ne ya rufe wurin, rana ba ta taɓa tayil ɗin. Haka ni, mai yaƙi da camfi a aji, na cire takalmi na hau mangwaro da adda. Na gaya wa Mama Clara macizai muke gudu.

Ran Asabar da hantsi, muna wurin, mazarin ya zo. Ja ne, babba. Ya tsaya cak a iska, ya sauko ya taɓa tayil, ya tashi, ya sake taɓawa. Ni da na san ƙwai yake nema ya saka, sai da tsigar jikina ta tashi. Mama Clara ta miƙe a hankali ta riƙe ƙugu.

"Sai yanzu? Wata biyar ina zaune. Kana da rai ma haka kake, ba ka taɓa zuwa a kan lokaci ba." Ta matsa kusa, muryarta ta sauka. "Akuyan nan ya cinye acca mudu uku, Gershon, kuma kai ka bar ƙofa. Wannan ba zan janye ba. Amma ɗayan maganan, ban nufa ba. Ka ji? Ban nufa ba."

Mazarin ya yi shawaginsa ya nufi rafi. Ta share ido da bakin zane, ta juyo ta tambaye mu ko mun karya, tana da sauran miyar karkashi. Tare muka ci, ita ta fi mu loma.

A hanyar gida kawuna bai yi fahariya ba, abin da ya ba ni mamaki. Da muka isa ya kira ni ɗakinsa ya ɗaga zanen gado. Kwali ne a ƙasa, baƙin tayil goma sha biyu, a naɗe da jarida.

"Na kabarina ne. Kai za ka tsaya a sa. Kuma ka duba kada itace ya tare rana."

"Kawu, kai da ka san ƙwaro ne?"

"Na sani," ya ce, yana mayar da zanen. "Amma ni ma ina barin ƙofa a buɗe, kuma ka san bakin matata."