Tumatirina, Kauɗarsa

Shekarar da aka yi kullen korona, ban taɓa yin tumatir irin na wannan rani ba. Gonata tana bakin ruwa, wajen Bagauda, iyaka ɗaya da ta ɗan baffana, wanda na girme shi nesa ba kusa ba. Ni irin kamfani na shuka, mai tsoka, wanda ke nuna gaba ɗaya a lokaci guda don mota ta zo ta kwashe zuwa injin markaɗe na kamfanin. Shi kuwa yana nan da tsohon irinmu mai nuna kaɗan-kaɗan, yau kwando, jibi kwando, matan gidansa su yanka su shanya a fako ya zama kauɗa. Na sha tsokanarsa cewa noman tsofaffi yake yi.

Tumatirina ya yi jawur, sai direban kamfanin ya kira ni. Ya ce an rufe injin, gwangwani da ledar da ake zuba markaɗen sun maƙale a Kudu, ma'aikata ma an ce kowa ya zauna gida. Kasuwa ba ta ci. Ga zafin bazara, ga azumi ya kawo kai. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa, ya fara fashewa a jikin uwarsa.

Na gwada yankawa da iyalina. Mun manta hannun, kuma mu kaɗan ne. Abin da muka shanya da kauri ya yi baƙi, ya yi tsami.

Ina tsaye a kan kunyar gona ɗan baffan nawa ya ƙetaro. "Yaya, wannan zunubi ne a bar shi ƙasa ta sha. Ka bar mini in gwada."

"Kwashe," na ce. "Na ba ka duniya da lahira."

Ya kwashe kuwa. Ya tara matan unguwarsu, kowace da wuƙarta a zauren gidanta, fako ya koma ja tun daga bakin hanya. Nakan bi ta wajen in kau da kai. Wallahi raina ba ya so, ƙyashi nake ji ƙarara.

Da damina ta sauka ɗanyen tumatir ya ɓace, sai kauɗarsa ta yi suna. Mai tsokar nan, wato tawa, ita ake rububi. Masu abinci daga Dangora har Tudun Wada suna aiko ɗan acaɓa, a ce a kawo ta gidan wane. Sunansa, ba nawa ba. Ya sauya rufin ɗakinsa, a masallaci ana tambayarsa shawarar noma. Bai yi mini rowa ba, har gida ya kawo mini buhu, yana ta godiya. Da ya hana ni ma da na fi samun sauƙi, don da na sami abin faɗa.

Wata rana na shiga gaishe da Inna, mahaifiyata, na tarar tana cin tuwo da miyar kauɗar. Ta miƙo mini kwanon.

"Ɗanɗana ka ji. Yaron nan Allah ya yi wa hannunsa albarka. Kai ma baɗi ka je ya sam maka irin da ya shuka."

Na buɗe baki zan ce nawa ne, sai na ga yadda take suɗe yatsa. Na ce to, Inna, zan je.