Shekarar da Hajiya ta rage gishiri

Shekarun baya, bayan na gama digiri na biyu a fannin tattalin arziki, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan ɗaki a unguwar Jamaica da ke Queens, can ƙasar waje. Aikin da na karanta bai samu ba, sai na kama na ɗaga kwalaye a wani sito kusa da filin jirgi. Abokan aikina mutanen kirki ne, amma nakan yini ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, sai fa in kwali ya faɗo mani a ƙafa na ce wayyo.

Inda nake samun sa'ida shi ne ƙaramin gidan abincin wata Hajiya 'yar zangon Kumasi. Direbobin tasi ne suka riƙe wurin. Daga azahar zuwa la'asar cike yake da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, ana cin tuwo da miyar ayoyo ana musun ƙwallo. Ni ba na sa baki, kujerar kusa da firij nake zama. Hajiya takan leƙo ta ce, "Ɗan boko, ci ka ƙara. Wannan wuya naka kamar na zalɓe."

Sai aka buɗe wani ƙaton gidan caca ba nisa da mu. Ba zan ce shi kaɗai ya jawo abin da ya biyo baya ba, don kuɗin haya ma yana ta hawa a lokacin. Abin da na gani dai shi ne kujeru sun fara zama wayam.

Direban da ya fara ɗauke ƙafa, da Hajiya ta kira shi a waya, ce mata ya yi likita ya gano yana da hawan jini, an hana shi gishiri. Ta yi masa addu'a sosai. Da sauran suka ga wannan uzuri ya karɓu, sai suka ara. Wannan hawan jini, wancan suga, wani ya ce kitse ya yi masa yawa a jini. Hajiya kuwa ta ɗauki maganar da gaske. Ta rage gishiri, ta rage manja, ta daina sa dunƙule, ta aika musu cewa su dawo, yanzu girkin marasa lafiya take yi. Ba su dawo ba. 'Yan ma'aikatan wani asibiti da suka rage mata kuma suka ɗanɗana miya lami, su ma suka sulale. Ni dai na ci gaba da zuwa ina haɗiyewa, ina cewa ta yi daɗi. Ba ni da wani wurin zuwa.

Bas ɗin da nake hawa in na tashi aiki ta gaban gidan cacar take bi. Wata rana na hango motar abokina, wani direba ɗan Zinder, a layin masu jiran fasinja, da motocin sauran a bayansa. Na sauka na same shi.

"Ashe nan ne asibitin?"

Ya yi dariya, amma ya waiwaya. "Malam, fasinja ya dawo nan. Mutum ya fito, ko ya ci ko an cinye shi, mota yake nema. In na bar layi na tafi cin tuwo, wani ya shige gabana. Abinci ga shi nan ciki da araha."

"To me zai hana ku gaya mata?"

"Haba! In dubi tsabar idon uwata in ce a ƙofar gidan caca nake yini? Kafin magariba labari ya kai gida."

"Kuna shiga ne?"

"Kama ruwa kawai," in ji shi, yana goge madubin da ba datti. Ban ƙara tambaya ba, kuma har yau ban san iyakar gaskiyar ba. Ya roƙe ni kada in faɗa.

Na daɗe ina juya maganar. Ni irin mutanen nan ne da ke karanta saƙo sau biyar kafin su aika, su kuma yi nadama bayan sun aika. Sai wata Lahadi, daga ni sai ita a shagon, Hajiya ta jawo kujera ta zauna gabana, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ɗan boko, kai ka yi karatu. Wace irin cuta ce ta shigo garin nan da ba ta kama kowa sai direba?"

Na gyara murya. Na ce to, akwai dalilai daban-daban, yanayin kasuwa yakan sauya, mai yiwuwa buƙatun masu saye...

"Da Hausa na tambaye ka."

Sai na faɗa mata. Ta ce, "Wato lafiyarsu lau? Alhamdu lillahi." Sannan ta kama haɓa. "Ni kuwa ina nan ina ba bayin Allah ruwan zafi da ganye!"

Washegari gishiri ya dawo. Ta kuma yanke shawarar tunda ba za su iya barin layi ba, ita za ta kai musu. Ranar Asabar da rana na rakata, ina riƙe da kula biyu. Abin da ba mu lissafa ba shi ne kunya. Suna hango mayafinta, wani ya ɗaga gilashi ya zame cikin kujera, wani ya kama waya da ba ta yi ƙara ba, wasu suka bar layin da suka daɗe suna bi. Abokina ne bai samu hanyar gudu ba. Ya fito ya rusuna.

"Hajiya, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Hajiya."

Ta miƙa masa tuwo, ta ƙi karɓar komai. Daga nan wani mai gadi ya zo cikin ladabi ya ce ba a talla a harabar. Muka koma da kulolinmu da nauyinsu.

Shagon bai kai ƙarshen shekarar ba. 'Yarta ta zo da lauya aka bi ta kotu aka bayyana karayar arziki, aka sayar da tukwane da tebura, ta tafi da uwarta wata jiha. Mai askin da ke maƙwabtaka da ita shi ma ya rufe ba da daɗewa ba. Direbobin kuwa sun san wanda ya yi magana. Ba wanda ya zage ni. Sallama kawai suke amsawa a masallacin Juma'a su wuce, har abokin nawa.

Yanzu na samu aikin da na karanta, kuma akan tambaye ni ko irin waɗannan gidaje suna kashe ƙananan kasuwanci. Nakan ce ya danganta, don kuwa ya danganta: wasu sun samu aiki, direbobi sun samu fasinja. Amma a ganina, kuma zan iya yin kuskure, gidan caca ya ɗauke wa Hajiya masu cin abinci ne, karar da muka yi mata kuwa ta cinye mata lokacin da za ta nemi mafita. Girmama ta muka yi har ta durƙushe, ni ma da nake cewa miyar ta yi daɗi.

Ban sake samun wuri irin nata ba. Wani lokaci in na ji mutane suna hira da Hausa a jirgin ƙasa, nakan bar tashata ta wuce, in sauka inda suka sauka, sannan in tsallaka in jira jirgin komawa.