Ruwan da Kaka Ya Ƙi Sha

Shekarar da aka ƙone ƙauyenmu na asali, gidanmu na unguwar Lamisula ya cika har babu masakar tsinke. Ban ɗaki kuwa ɗaya ne tak, can ƙuryar gida, sai ka ratsa ta gaban murhun mata kafin ka kai. Cikin waɗanda suka gudo har da Kaka, mahaifin babana, dogon tsoho mai tsaftar tsiya. Aka ba shi ɗakin zaure.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Mama ta haɗa ido da shi ba, don surukinta ne. Da ta ji takun sandarsa sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. In da magana, ni ce 'yar aike, ko da taku biyar ne tsakaninsu. Ni da nake malamar makaranta abin yakan ba ni haushi. Nakan ce, "Mama, mutum ne fa, ba zaki ba." Ita kuma ta ce, "Ke dai rashin kunya kika karanto."

Sai amai da gudawa suka shigo mana. Da yara aka fara, kafin kwana biyu rabin gida na kwance, har da Mama. Muka tsorata, muna zaton kwalara ce. Maƙwabciyarmu, tsohuwar nas 'yar kudancin Borno, ta leƙo ta duba kowa, ta ce ta fi zaton wata ƙwayar cuta ce mai suna norobairos, mai bin hannu da kwano. Nan take ta kifar da kwanon da dukanmu muke wanke hannu a ciki kafin cin abinci, ta ce kowa ya nemi buta da sabulu.

"Ku matasa jibi za ku miƙe," in ji ta. "Tsofaffi nake ji. Ruwan jikinsu kaɗan ne, in ya ƙare sai dai wani ba su ba."

Haka kuwa aka yi. Kowa ya fara warwarewa, Kaka na ƙara lotsewa. Idanunsa suka faɗa, harshensa ya bushe, ya fara kira na da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Babana yana Damaturu an rufe hanya, gari kuma an sa dokar hana fita. In na kai wa Kaka ruwan gishiri da sukari sai ya ce in ajiye, in na dawo in tarar da kofin yadda na bar shi. Har faɗa na yi masa, Allah Ya yafe mini.

Mama ce ta gano. Daga kwance ta tambaye ni, "Tun jiya sau nawa kika ga ya wuce ban ɗaki?" Na yi lissafi. Ko sau ɗaya. Ashe tsohon ya daina sha ne don kada ya riƙa ratsa gaban surukansa da buta a hannu.

Ta miƙe tana dafa bango. Ta sa mata suka kwashe murhu zuwa gidan nas. Ta ɗaura igiyar shanya daga zaure har ban ɗaki, ta rataya zannuwa, da suka kasa ta buɗe akwati ta ciro lafayarta ta zuwa biki ta cike gurbin. Na kai wa Kaka kofi, ya sake cewa in ajiye.

Abin da ta yi daga nan har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ta je bakin ƙofarsa ta durƙusa, ta juya masa baya, leɓɓanta duk a tsage. Ta gaishe shi da yarenmu, ta ce, "Baba, wushe. Tsakar gida babu kowa. Wallahi ni ma ruwa ba zai shiga bakina ba sai ka sha."

Shekara talatin da aurenta, wannan ce maganarta ta farko da shi. Can sai ya miƙo hannu, na ɗora masa kofin a baki, ya kurɓa.

Ya tashi bayan mako guda, ko da yake ƙarfinsa bai dawo duka ba. Kunya ma ta dawo wurinta, na koma aikina na 'yar aike, ban kuma sake yi wa Mama tsiya a kai ba. Sai dai kullum da safe, har ranar da ya bar duniya, in na kai masa shayi yakan ce, "Uwarki ta sha ruwa?"

Ita kuma daga cikin ɗaki ta ce, "Ce masa na sha."