Agogon da Ya Yi Barci a Bakin Aiki

Ko zan manta komai a duniya, ban da makon da na zama injiniyan gidanmu na Gyadi-Gyadi. Shekarata goma sha biyar, aikina ɗaya tak: in kunna injin da ke tura ruwa tankin sama da ƙarfe bakwai na safe, don lokacin ne kawai famfo ke kawo ruwa. Ni kuwa ƙarfe bakwai ƙwallo ke jirana a Tarauni.

Sai Kawu, direban babbar mota, ya zo mana da wani agogon lantarki daga Ikko, mai kunna inji da kansa a lokacin da aka saita masa. Na haɗa shi, na dinga tafiya ina buɗa hannu kamar ni na ƙera jirgin sama.

"Baba, daga yau inji ya san aikinsa."

"To madalla," in ji Baba. "Ranar Asabar za a yi bikin sunan ƙanwarka. In tanki ya wayi gari ba ruwa, a kanka za a ɗebo shi."

Kwana biyu lafiya lau. Ranar Laraba aka ɗauke wuta tun hantsi, sai la'asar aka maido. Washegari bakwai ta yi, inji ko tari. Na canza fis. Na goge wayoyi. Na duba ɗan ƙarfen jikin agogon da na saita a kan bakwai, yana nan daram. Na mari agogon, na dawo na ba shi haƙuri. Da azahar, bayan famfo ya bushe ƙayau, sai injin ya tashi da kansa yana gurnani, yana tura iska sama da iya ƙarfinsa. Na shaida wa kowa aljanu ne, kuma 'yan Ikko, ba sa jin Hausa.

Ranar Asabar mata suka cika gida, tukwane a kan murhu, tanki wayam. Kakata, wadda ba ta taɓa kunna ko rediyo ba, ta leƙo.

"Kai injiniya, shi wannan agogon me yake ci?"

"Wuta, Inna."

"To in an ɗauke wutar, uban wa ke ƙirga masa lokaci?"

Sai a lokacin na dubi hannunsa. Ƙarfe tara ta yi, shi yana nan yana lallaɓa uku. Ashe in wuta ta tafi tsayawa yake, in ta dawo ya ɗora daga inda ya kwanta.

Wuni na yi ina jigilar bokiti daga rijiyar maƙwabta, baƙi na yi min "Sannu da aiki, injiniya!"

Tun daga ranar, kafin in bar wa inji amana, sai na kashe wuta na kunna da hannuna, na ga ko zai tuna abin da na ce masa.