Yatsan Tata Mzoli

Nokuzola mai suyar fanke ce a tashar motocin Khayelitsha. Ita ce ta riƙe mahaifinta, Tata Mzoli, wato Baba Mzoli a yarensu, tun da igiyar jirgin kamun kifi ta raba shi da ƙafar hagu. Rauni ya warke sumul, amma tsohon bai daina kuka da babban yatsan ƙafar da aka yanke ba, wai kamar an ɗora masa garwashi.

Da fari ta tausaya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ta ce shagwaɓar tsufa ce.

"Tata, ka bar ni in ji da wutar kaskona," take cewa. "Yatsan da ƙasa ta cinye ne zai yi maka ciwo?"

"To, 'yata," yake cewa, ya juya wa bango fuska.

A hankali ya daina faɗa. Ita kuwa har tana yi wa maƙwabta alfahari cewa tsawa ce ta warkar da shi.

Ana nan sai asibitin da yake zuwa ya nemi masu irin larurarsa don binciken ƙwaƙwalwa. Ta raka shi tana ƙunƙuni. Aka tura shi cikin na'ura mai ƙara kamar injin niƙa, aka ce ya gwada motsa yatsun da babu. Da aka gama, likitar ta nuna musu hoton kansa, wasu wurare sun yi ja.

"Hoto ba ya auna ciwo, mai shi ne ya san zafinsa," in ji likitar. "Amma kin ga nan? Ƙwaƙwalwarsa ba ta sallami ƙafar ba. Tata, yaushe rabonka da wannan zafin?"

"Ai bai taɓa tafiya ba," in ji tsohon. "Na dai ga yarinyar tana gajiya."

Har suka isa gida Nokuzola ba ta iya haɗa ido da mahaifinta ba.

Likitar ta koya musu jingina madubi a jikin lafiyayyar ƙafar, ya riƙa motsa ta yana kallo a madubin kamar ƙafafunsa biyu ne. Kullum safe Nokuzola take riƙe masa madubin kafin ta hura wuta, kuma yakan sami sauƙi. Ta roƙe shi gafara, ya ce ta daina shirme ta kawo shayi.

Sai dai har yau, idan ta ga gumi a goshinsa ta tambaya, cewa yake yi ba komai. Ita ta koya masa wannan amsar, kuma ta rasa yadda za ta raba shi da ita.