Inda Gorar Kawu Ta Kasa Taɓa Ƙasa

Ana idar da sallar asuba muka bar Gabukka, ni da Kawu, muka nufi tasha a ƙafa, domin an hana babura yawo a cikin Gombe. Kawu na saɓe da wata doguwar gora da ya kwana biyu yana kankarewa. Inna ta rako mu bakin zaure. Shi ta ce masa a dawo lafiya, ni kuwa ta kamo hannun rigata ta rage murya: "Ka tabbata ya sauka a Dadin Kowa. Ka ji ni ko?"

Kawu ƙanin Inna ne, masunci. Rabin rayuwarsa a bakin tafkin Chadi ya yi ta, har rikici ya ci garinsu, ya fito da rigar jikinsa kawai, ya baro jirginsa da komarsa. A Gombe an samar masa gadin ƙofar wata makarantar yara, yana yi, amma ba ya hira, ba ya cin abincin kirki. Kwanan baya ya fara cewa zai koma ya duba ko jirginsa na nan, alhali cikin waɗanda suka koma akwai waɗanda har yau ba a ji ɗuriyarsu ba. Sai Inna ta sayar da tumakin da take kiwo, ta ce ya je madatsar ruwa ta Dadin Kowa ya nemi jirgi na hannu, ya riƙa kamun kifi Asabar da Lahadi. Damuwarta ita ce, motar da ke zuwa Dadin Kowa ita ce ke wucewa Biu, daga Biu kuma hanyar Chadi a miƙe take. Ni aka haɗa shi da ni saboda ina da katin jami'a, shi kuwa takardunsa sun ƙone.

Hanyar ba ta da nisa, shingaye ne suka tsawaita ta. A kowane shinge sai fasinjoji su sauka, a ɗaga hannu sama, a wuce a ƙafa, mota ta biyo baya. Ba mai taɓa waya. A wajen Liji wani soja ya tsaya yana duban gorar da aka ɗaure a saman mota, ya tambayi mai ita. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga murya, sai ga ni ina bayani da Turanci cewa kawuna ne, jirgi ake tuƙawa da ita. Ya juya katina gaba da baya, ya dubi Kawu, ya ce mu wuce. Da can Kawu "ɗan boko" yake kirana don tsokana. Yanzu ba mai furta wannan kalma a kan titi, sai ya ce, "Sannu, Malam."

A Kwadon tumatir da albasa sun cika bakin hanya, kwando kan kwando, masu saye kaɗan. Wata mata da ke kusa da ni ta sayi ƙosai ta taga, ta raba wa duk wanda hannunta ya kai. Kawu ya karɓa ya riƙe har ya huce.

Da muka iso Dadin Kowa direba ya tsaya. Na sauka, Kawu bai motsa ba, idonsa na kan titin da ya miƙe gabas. Kwandasta ya ce, "Baba, sauka ne ko Biu?" Sai na taka taya, na kwance gorar, na tsaya riƙe da ita a bakin titi kamar wanda aka ba ajiya. Kawu ya dube ni, sannan ya zuro ƙafa. "Riƙe ta da kyau, Malam, ba biro ba ce."

Bakin ruwan ya fi yadda na zata girma. Tuddai sun kewaye shi, ruwan kore-kore, ga ƙamshin banda na tashi daga rumfunan mata. Aka nuna mana wani dattijo ɗan garin, shi ke sayar da tsofaffin jirage. A nan na ga yadda Kawu ke duba jirgi. Ba ruwansa da fenti. Yakan ƙwanƙwasa kowane katako da bayan yatsa yana saurare, ya soka bakin wuƙa inda aka liƙe da kwalta, ya duba ko ƙusoshi sun yi tsatsa. Sannan ya yashe ruwan ciki tas, ya zauna ya jira ya ga ta ina zai tsattsafo. Ƙananan ko kallo ba su ishe shi ba. Wanda ya fi kowanne girma ya nuna, mai faɗin ciki, irin nasa na Chadi.

Dattijon ya ce, "Wannan sai da inji, ko maza uku da filafili."

Kawu ya ce, "Na tuƙa wanda ya fi shi, ni kaɗai, da kaya a ciki."

"To bismilla."

Na zauna a tsakiya, na damƙe katako da hannu biyu, don ban iya iyo ba. Kawu ya tsaya a baya ya kafa gora, jirgin ya zame kamar ba nauyi. Tun zuwansa Gombe ban ga kafaɗunsa sun miƙe haka ba. Yana kafawa, yana bi da jiki, yana zarewa, har ya fara wani ɗan amo a maƙoshi. Muka ɗan yi nisa da gaɓa. Sai ya kafa gorar da dukkan ƙarfinsa, ita kuwa ta wuce ba ta sami ƙasa ba. Ya faɗi a kan gwiwa, jirgin ya karkata, gorar ta kufce ta nutse, can ta ɓullo nesa da mu tana yawo.

A Chadi ruwa shimfiɗe yake, ba zurfi, mutum ya wuni yana tura jirgi da gora. Nan kuwa kwarin kogi ne aka datse, ƙasan yana gangarawa ne kamar rami. Iska ta fara jan mu tsakiya, ba mu da filafili. Kawu ya zauna yana kallon hannuwansa.

Dattijon ne ya biyo mu a wani jirgi matsakaici. An kafa masa sanda a gaba, an ɗaura wani zane na buhunan fulawa da aka ɗinke, iska na tura shi. Yana jefo mana igiya yana dariya: "Mutumin Chadi, kai ma ka yi sadakar gorar? Duk wanda ya zo daga wajenku sai ya ba ruwan nan guda."

Kawu ya ce, "Wannan ba tafki ba ne, rijiya ce."

Da muka fito ya zauna a gindin bishiya. Na sayo soyayyen kifi karfasa da yaji, bai taɓa ba. Can ya tambayi wata mai kifi ko motar Biu na wucewa bayan azahar. Na tuna maganar Inna. Na matsa kusa da shi.

Ban sani ba ko dattijon ya ji tambayar. Ya dai ƙwalla masa kira: "Taso ka riƙe min igiyar nan in kai jirgi wancan lungu, kafaɗata ta ƙi." Kawu ba ya iya ƙin taimako, ya tashi. Daga gaɓa na riƙa kallonsu. Zanen ya cika da iska, ya saki, ya mari Kawu a fuska. Jirgin ya juya ya dubi inda ya fito. Ina jiyo dattijon yana faɗa: "Sassauta mana! Ba akuya kake ja ba!" Suka daɗe a haka. Daga baya na ga zanen ya kumbura ya tsaya, jirgin ya miƙe sak, Kawu ne a baya, dattijon ya miƙe ƙafa yana sakace.

Suna dawowa Kawu ya ɗauki ƙoƙo ya yashe wannan jirgin, ya zauna jira. Ya gano katako ɗaya da ya fara ruɓewa, ya ce sai an sauya. Suka yi ciniki a rumfa, Kawu ya saye shi, aka tsayar cewa dattijon zai kula da jirgin ranakun aiki, Kawu ya riƙa zuwa da yammacin Juma'a.

A bakin titi motocin Biu na tsayawa a hannu ɗaya, na Gombe a ɗaya. Na bar shi ya shige gaba. Ya tsallaka ɓangaren Gombe, yana ce min in ɗaga ƙafa kada sojoji su rufe hanya.

Mun shigo gida ana kiran magariba. Inna na tsakar gida, ta dube ni, ta dube shi. Kawu ya ce, "Yaya, ki tara min buhunan fulawa, da basilla. Zanen tsohon nan duk huji ne." Ta ce to, ta shige madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Na tafi ina zaton aikina shi ne in hana shi wucewa, na dawo na san ba ni da wannan ƙarfin. Kawu bai daina kewar Chadi ba, ba na kuma jin zai daina. Amma ya sami abin da bai iya ba a kan ruwa, yana kuma so ya iya, wannan ne ya dawo mana da shi.